Neman lalata a wurin aiki: amsoshin tambayoyin ma'aikata da shugabanninsu a Bauchi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a bakin ma'aikatan gwamnati, malaman makarantun kuɗi, ma'aikatan jinya, masu jiran shago da masu yi wa ƙasa hidima a jihar Bauchi. An fi yin magana da mace saboda mata abin ya fi afka wa, amma tambaya ta 14 ta shafi maza. Daga ta 11 zuwa ƙasa, akasarin maganar ta koma kan shugabanni da masu ɗaukar aiki.

1. Wane hali ne ake kira cin zarafi ta hanyar lalata a wurin aiki?

Duk wata magana, taɓi ko ishara da ta shafi jiki ko sha'awa, wadda aka yi wa mutum ba da son ransa ba, a wurin da yake neman abincinsa. Ƙa'idojin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na 2017 sun kasa abin gida huɗu: na jiki, kamar riƙe hannu, gogar jiki da tare hanya, na baki, kamar batsa, yabon ƙira da tambayar sirrin aure, na ishara, kamar tura hotunan batsa, sai kuma na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda ake rataya ɗaukar aiki, ƙarin girma, canjin wurin aiki ko biyan alawus a kan amincewar mace.

Na huɗun ko sau ɗaya aka yi ya isa laifi, haka ma taɓa jiki. Magana kuwa sau da yawa nacinta ne ke mai da ita cin zarafi. Abin dubawa shi ne ko an so ko ba a so ba, da kuma wane ne ke da iko a kan wane.

2. Ya ce wasa yake yi. Ai mun saba da barkwanci a ofis, ina iyakar?

Gaskiya ne muna da wasan taubasai, da na Fulani da Barebari, da na jika da kaka, kuma ofishin da ba a raha ba ya daɗin zama. Amma wasan al'ada yana da sharaɗi: kowa na da bakin ramawa. Darakta ya riƙa kiran ƙaramar ma'aikaciya "amaryata" a gaban jama'a, ita kuwa ba ta isa ta mayar masa ba saboda fayil ɗinta na kan teburinsa, wannan ya tashi daga wasa. Dariyar da ta yi ma ba shaidar yarda ba ce. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya da girmama na gaba takan yi murmushi ne don ta samu ta wuce.

3. Ya ce aurena yake son yi. Shi ma laifi ne?

Neman aure ba laifi ba ne, kuma auren abokan aiki ba baƙon abu ba ne a Bauchi. Sai dai mai neman aure yana da hanyar da kowa ya sani: ya faɗa sau ɗaya cikin mutunci, in an amince ya tura magabatansa gida. In an ce a'a, magana ta ƙare. Wanda ya ci gaba da kira da tsakar dare, ya ce a same shi a masauki "don a fahimci juna", ko ya fara ɗaure fuska da riƙe takardun hutu bayan an ƙi shi, ya nuna da kansa abin da yake nema.

Ga shugabanni kuwa, shawarata ita ce: in har da gaske kake, ka fara janye hannunka daga duk abin da ya shafi makinta na shekara, albashinta da ƙarin girmanta, ka miƙa wa wani. Muddin abincinta na hannunka, kai kanka ba za ka san ko "to" ɗin da ta ce daga zuciya ta fito ba.

4. A waya abin yake faruwa, kuma ni ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce. Ina da bakin magana?

Kina da shi. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2019, Najeriya kuma ta amince da ita a Nuwamba 2022, ba ta tsaya ga mai takardar ɗaukar aiki ba. Ta haɗa da masu koyon sana'a, ɗaliban da ke sanin makamar aiki, 'yan sa-kai, masu neman aiki, har da wanda aka riga aka sallama. Wurin aiki ma a wajenta ya wuce bangon ofis: ya ƙunshi tafiyar aiki, taron bita a otal, gidan da ma'aikata ta bayar, hanyar zuwa da komawa, da saƙonnin waya irin na WhatsApp.

Mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga sansanin Wailo tana da ƙofa ta daban, wato jami'in hukumar NYSC na ƙaramar hukumar da take, kuma tana iya neman a sauya mata wurin aiki. Ɗaliba mai sanin makamar aiki ta sanar da malamin da ke kula da ita a makarantarsu.

5. Me zan fara yi?

Rubutu. Tun ranar farko ki samu littafin da ba a ofis yake kwana ba, ki rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, abin da ya faɗa da kalmominsa, abin da kika amsa, da wanda ke kusa. Bayan wata shida kwanaki kan cakuɗe a ka, kuma da wannan ruɗewar ake karya mai gaskiya a gaban kwamiti. Kada ki goge saƙo komai ƙazantarsa. Ki ɗauki hotonsa yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki aika wa kanki ta imel, kuma kada ki sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma da sharuɗɗa kan na'urar da ta fito daga ciki, shi ya sa asalin wayar ke da muhimmanci.

In kina ganin babu haɗari, ki faɗa masa sau ɗaya a fili, zai fi kyau a rubuce: "Ranka ya daɗe, ba na son irin wannan magana, don Allah a tsaya a kan aiki." Ba dole ba ne, kuma rashin yin haka ba ya zubar miki da haƙƙi. Sannan ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi a ranar da abin ya faru. Ki kuma tara kwafin takardun yabo da makin aikinki na baya, domin dalilin da za a gani a tambaya ta 9.

Abu ɗaya da zan hana: watsa hotunan saƙonnin a Facebook cikin fushi. Yana iya buɗe masa ƙofar ƙarar ɓata suna, maganar ta juya ta koma kanki.

6. Abin ya wuce magana, ya kai ga far mini da ƙarfi. Ina zan nufa?

Asibiti kafin komai. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5, kuma gara a yi da wuri. In za ki iya daurewa, kada ki yi wanka, kada ki wanke kayan da ke jikinki kafin likita ya duba. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru, a sauran wurare kuma babban asibitin ƙaramar hukuma. Ki nemi rahoton likita, sannan a kai wa 'yan sanda. Wannan laifi ne na kotu. Kwamitin ofis ba shi da hurumin kashe shi, iyakarsa ya ɗauki nasa matakin ladabtarwa a gefe.

7. Mu biyu ne a ofishin, ba ni da shaida. Ba za a ce na yi masa ƙazafi ba?

Wannan tsoron ya rufe bakin mata da yawa a jihar da ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2001. Ƙazafi da ake nema wa shaidu huɗu shi ne jifan mutum da zina. Cewa "ya riƙe mini hannu", "ya kulle ƙofa" ko "ya turo mini hoton batsa" ƙorafi ne na cutarwa, hukuncinsa daban. Saboda haka ki rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru, ba ƙari, ba zagi, ba laƙabi irin su "mazinaci". In abin ya kai ga fyaɗe, ki sa lauya ya duba lafazin takardar kafin a miƙa.

Rashin shaidar ido kuma ba rashin hujja ba ne, don mai irin wannan hali ba ya yi a gaban mutane. A Suratu Yusuf, rigar da aka yage ta baya ce ta raba gardama, ba wanda ya ga abin da ya faru a ɗakin. A yau abin da ke tsayawa a matsayin rigar shi ne jerin kiran waya, saƙonni, masinjan da aka aika waje ba dalili, ƙawar da ta ga kin fito kina kuka, da sauyin da aka gani a makinki bayan kin ƙi.

8. Wa zan kai wa ƙorafi a cikin ma'aikata, musamman in shugaban ne da kansa?

In akwai rubutacciyar ƙa'ida, ki bi ta. In babu, ki rubuta wa na gaba da shi: daraktan mulki ko babban sakatare a ma'aikatar gwamnati, mai makaranta in shugaban makaranta ne, hedikwata in manajan reshe ne. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ki riƙe. Ƙorafin baki shi ne wanda ake cewa "ba mu taɓa ji ba". Al'adar aikin gwamnati ta bi da takarda ta hannun shugaba ba za ta tilasta miki miƙa ƙarar mutum ta hannunsa ba. Ki faɗi dalilin tsallake shi a cikin takardar.

Ƙungiyar ƙwadagonki, ko NUT ta malamai ce, ko ta ma'aikatan jinya, ko NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, tana iya ba ki wakilin da zai raka ki zama. In mai wurin ne da kansa kuma babu kowa sama da shi, sai hanyoyin waje da ke tambaya ta gaba.

9. Wace doka ce ke kare ni, kuma in aka kore ni fa?

Dokar Ƙwadago ta ƙasa tsohuwa ce, ba ta ambaci wannan matsala da suna ba. Ƙarfin yana wasu wurare. Gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafi ta hanyar lalata a wurin aiki, kuma kotun tana da reshe a Bauchi. A 2013 ta yanke hukunci a ƙarar wata ma'aikaciyar Microsoft a Najeriya da aka sallama bayan ta ƙi amincewa da shugabanta. Kotun ta ce an keta mutuncinta, ta kuma ɗora diyya a kan shugaban da kamfanin duka. Darasin ga masu ɗaukar aiki shi ne kau da kai ma yana da tsada.

Ta fuskar laifi, akwai dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP, wadda tarayya ta yi a 2015, Bauchi ta mai da ita dokar jiha a 2020, Gombe kuma a 2022. Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin igiya: ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun sa wannan hali cikin manyan laifukan da kan kai ga kora, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC kuma tana ɗaukarsa a matsayin amfani da muƙami don biyan buƙatar kai. Ita ce ta gurfanar da wani farfesa na jami'ar Ile-Ife da aka ɗaure a 2018 kan neman lalata da ɗaliba don maki. Mai neman taimako ba tare da kuɗin lauya ba ta gwada Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya.

Ramuwar gayya ba kasafai take zuwa da sunanta ba. Takan zo ne a matsayin takardar tuhuma kan makarar minti goma, ko tura ki ƙauye mai nisa ba zato. A nan tsofaffin takardun yabon nan na tambaya ta 5 za su yi magana. In zama ya gagara har kika yanke shawarar ajiye aiki, ki rubuta ainihin dalilin a takardar, kada ki ce "saboda dalilai na kaina", domin Kotun Ma'aikata tana kallon wanda aka ƙuntata wa har ya tafi kamar wanda aka kora. Ki ga lauya da wuri, ƙara tana da wa'adi.

10. Ina tsoron mijina ya ce in bar aikin, kuma manya sun sa baki a yi sulhu. Ya zan yi?

Tsoron na gaske ne, kuma masu wannan hali sun san da shi, da shi suke fakewa. Ke kika san gidanki. Sai dai a lura da abu ɗaya: labarin da miji ya ji daga bakin matarsa, da hujja a hannunta, ya fi sauƙi a kan wanda ya tsinta a majalisa bayan an murɗa shi. In da nauyi, ki fara da wanda maigidan ke jin maganarsa, yayarsa ko waliyyinki.

Sulhu alheri ne in laifin magana ce, mai laifin ya amsa, ke kuma da kanki kika zaɓa. Amma a duba wa ake ce wa ya yi haƙuri. In za a ce "ki rufa masa asiri, yana da iyali", alhali shi ba a ce masa komai ba, kuma gobe wata yarinyar za a kai ofishinsa, to asirin mutum ɗaya aka rufa, aka bar sauran a buɗe. Duk sulhun da za a yi ya zama a rubuce, ba a ɗakin mai laifin ba, kuma ba a kan abin da ke tambaya ta 6 ba.

11. Ni shugaba ne, an kawo mini ƙorafi. Me zan yi a ranar?

Ka saurara a wurin da ba a jin magana amma ba a kulle ba, ka kuma tambaye ta ko tana son wata mace ta zauna. Kada ka tambayi irin kayan da ta sa, ko me ya sa sai yanzu. Kada ka ce "Alhaji wane? Ai da shi muke sahun farko", domin daga wannan kalmar ta san hukuncinka. Ka rubuta, ka karanta mata, ta sa hannu. Ka faɗa mata su wa za su ji maganar da ranar da za ta ji daga gare ka. Kada ka yi alkawarin ba wanda zai sani, tunda dole wanda ake zargi ya ji abin da ake tuhumarsa da shi.

Sannan ka raba su kafin a gama bincike, kuma wanda ake zargi ne zai matsa, ko a cire ta daga ƙarƙashinsa ba tare da ta rasa ko kwabo ba. Ɗauke mai ƙorafi a kai ta wani sashe "don a samu zaman lafiya" shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma duk matan wurin za su karanta shi a matsayin hukuncin wadda ta buɗe baki.

12. Yaya kwamitin bincike ya kamata ya kasance?

Mutum uku ko biyar, da mace aƙalla ɗaya mai muƙamin da za ta iya musu, ba wadda aka sa don cika kujera ba. Kada a sa wanda ke ƙarƙashin wanda ake zargi, ko amininsa, ko surukinsa. Yin haka ba wa kura ajiyar nama ne. A garin da kusan kowa ɗan uwan wani ne, ɗauko mutum ɗaya daga waje yakan ceci mutuncin binciken. A saurari kowa shi kaɗai, ba a haɗa su gaba da gaba a ce "maimaita a gabansa" ba. A sa wa'adi na makonni, a rubuta dalilin hukunci, a sanar da ɓangarorin biyu, a bar ƙofar ɗaukaka ƙara. Kwamiti ba kotun laifi ba ce, abin da yake nema shi ne wace magana ce hujja ta fi rinjayar da ita. Fayil ɗin kuma a kulle shi, kada ya bi hannun masinjoji.

13. Ni aka zarga, kuma ban yi ba. Ina nawa haƙƙin?

A ba ka zargin a rubuce, a ba ka lokacin amsawa, ka kawo shaidunka da saƙonninka, ka zo da wakilin ƙungiya. Kotun Ma'aikata takan rushe korar da aka yi ba tare da an ji ta bakin mutum ba. Kada ka kira ta, kada ka tura mata malami ko matarka su ba ta baki, don za a ɗauke shi matsin lamba. A kuma bambance ƙorafin da hujjarsa ba ta isa ba da wanda aka tabbatar ƙirƙirarsa aka yi. Na biyun ne kaɗai ya cancanci horo. In aka hukunta duk wadda ta kasa tabbatarwa, ba wadda za ta sake kawo ƙara.

14. Namiji fa, ana cin zarafinsa?

Ana yi, daga mace mai muƙami ko daga namiji ɗan uwansa, kuma yaran shago da masu koyon sana'a sun fi shiga haɗari. Abin da ke hana su magana dariyar abokai ce. Dokar VAPP ta tarayya ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza, kuma duk matakan tambaya ta 5 zuwa ta 9 nasu ne su ma.

15. Wurina ƙarami ne, ma'aikata ba su kai goma ba. Me zan iya yi tun kafin abu ya faru?

Shagon ɗinki a Wunti ko kantin magani a kusa da kasuwar Muda Lawal ba ya buƙatar littafin doka. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa da Turanci, a karanta wa duk sabon ma'aikaci: ga abin da ba a yi a nan, ga mutum biyu da za a kai wa ƙorafi, ɗaya mace, ga abin da zai biyo baya. Ƙa'idar ta hau kan abokan ciniki ma, domin mai jiran kanti ta fi shan wahalar mai saye da ke ganin kuɗinsa ya saye har da ita.

Sauran gyaran na gini ne da tsari. Ƙofar ofis mai gilashi ko a buɗe. Ganawar ɗaukar aiki a wurin aiki da rana, da mutum biyu. Fitila a hanyar banɗaki, banɗakin mata daban mai sakata. Mai aikin dare a san yadda za ta koma gida. A tafiyar aiki, kuɗin masaukin kowa ya shiga hannunsa, kada ya bi ta aljihun oga. Wasu kan ce mafita ita ce a daina ɗaukar mata. Wannan wariya ce da ita kanta ake kai ƙara a kanta, ga shi kuma asibitocinmu da makarantun 'yan mata ba za su yi aiki ba sai da su.

16. Me ya haɗa wannan da maganar nakasassu, masu jego da bambancin addini?

Mai neman lalata yakan zaɓi wadda yake ganin ba ta da gata: bazawara mai marayu, ma'aikaciyar wucin gadi, baƙuwa daga wata jiha, kurma da ba za ta iya bayani ba sai da tafinta. Duk abin da ya ƙarfafa matsayin irin waɗannan a wurin aiki ya rage masa dama. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati dominsu, ta kuma wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Dokar Ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. In waɗannan suna rubuce a matsayin haƙƙi, ba sai an je roƙon alfarma a ofishin wani ba.

A Bauchi kuma teburi ɗaya kan haɗa Bafulatana daga Katagum, Basayiya daga Bogoro da Bajariya daga Dass. Mai hijabi da marar hijabi kariya ɗaya suke da ita, kuma kwamitin da ya fara auna suturar mai ƙorafi ko addininta ya bar abin da aka kafa shi ya bincika. Wajen zaɓen mutum biyun da za a riƙa kai wa ƙorafi, a duba cewa kowane ɓangare na ma'aikata yana da wanda zai iya tunkara, a kuma tanadi mai fassarar maganar hannu tun kafin ranar da za a buƙace shi.